Hunturu da bazara: wanne ya fi wuya?

Duk biyun aikin iska ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu, busasshiyar iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙurar kwarin Bodele na Chadi. Hazo ya tare rana, da dare kuma zafin ƙasa ya tsere sama. Sai ɗarin asuba, leɓe ya tsage, kaushi ya fito.

Da bazara kuwa wannan iskar ta lafa, ta damina daga Atilantika ba ta iso ba, rana tana tsakar ka. A Afrilun 2024, zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta Mali.

Ni bazara ta fi ba ni tsoro. Bargo da jin wuta na maganin ɗari, amma tsoho mai hawan jini a ɗakin kwano, ba lantarki, ina zai sa kansa? Ga kuma sanƙarau.