PubMed ya fitar da mu kunya a aikin sikila

Ƙanwata ce 'yar SS2 aka ba su aikin bincike kan sikila, malamin ya ce shi fa ba ya son "an ce ka ce", duk maganar da ka rubuta sai ka nuna inda ka samo ta. Abin ya taɓa ni don muna da mai sikila a gida, kuma na gaji da saƙonnin da ake ta turawa a waya wai ga jiƙon da ke mayar da SS ya koma AA, alhali abu ne na gado, canji ne a ƙwayar halitta mai suna HBB da ke kan kuromosom na 11, jiƙo ba ya taɓa shi.

Shi ne muka shiga PubMed, shafin intanet da ke tattara binciken likitanci da aka wallafa a mujallu. Kyauta ne, ba rajista ba komai, babban ɗakin karatun likitanci na gwamnatin Amurka ne ke kula da shi tun 1996, kuma baya cin data sosai tunda rubutu ne zalla. Na rubuta sickle cell Kano kawai, wallahi sai ga binciken da aka yi a asibitin Malam Aminu Kano kan maganin hydroxyurea don kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, har da tsohon aikin da aka yi a Garki ta Jigawa a shekarun 1970 wanda ya duba alaƙar AS da zazzaɓin cizon sauro. Yarinyar nan sai da ta gyara zama, ita da ta ɗauka duk bincike na Turawa ne.

Shawara dai, ku danna Free full text tun farko, wato ya tace muku waɗanda za a iya karantawa cikakku kyauta, don wasu mujallun taƙaitawa kawai za ka gani, cikakken sai da kuɗi. Sannan Turancin na likitoci ne, ɗan sakandare shi kaɗai zai sha wuya, gara ya fara da MedlinePlus Genetics, gida ɗaya suke amma bayaninsa mai sauƙi ne, a nan ta gane cewa idan uba da uwa duk AS ne, a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi SS, ba wai cikin yara huɗu dole ɗaya ne kawai ba. Wannan layin shi ta ja wa jan biro, ta ce sai ta karanta wa 'yan ajinsu.