Wata takwas ina taya kaya a gwanjon eBay

Sana'ata ɗaukar hoto, yawanci na biki da suna da walimar saukar Alƙur'ani, a nan Kano. Bara gilashin kyamarata na milimita 85, wanda nake ɗaukar amare da shi, ya suɓuce a wajen wani kamu ya tsage. Na zaga kasuwa, sabo ya fi ƙarfin aljihuna, na hannu kuma ban samu wanda hankalina ya kwanta da shi ba. Ɗan yayata da ke karatu a jihar Maryland ta Amurka ne ya ce, "Kawu, gwada gwanjon eBay mana. In ka ci sai a kawo min, idan an samu mai tahowa gida in ba shi." Daga ranar zuwa yau na shiga gwanjo goma sha ɗaya, na ci huɗu. Wannan sharhi na masu niyyar shiga ne, don kada su yi asarar barci da kuɗi a inda na yi.

Shafin ba sabo ba ne, Pierre Omidyar ya buɗe shi tun 1995 a Kalifoniya. Kaya iri biyu ne a cikinsa: akwai masu tsayayyen farashi da za ka biya nan take, akwai na gwanjo, wanda mai kaya ke ba wa wa'adin kwana 1, 3, 5, 7 ko 10. Na biyun nake magana a kai.

Na shiga da tarbiyyar kasuwarmu. Mu a nan ka taya ƙasa, mai kaya ya ce albarka, ka ɗan ƙara, ya sake cewa albarka, har ku haɗu a tsakiya ya sallama. Da na ga gilashin Canon EF 85mm f/1.8 yana kan dala 96, saura kwana biyar a rufe, sai na ce ai rashin tayi akan bar arha, na sa dala 100. Kafin in ɗauke yatsa an rubuto min cewa wani ya wuce ni, farashi ya koma 102.50. Na sa 105, ya koma 107.50. Na sa 110, haka. Wallahi a lokacin na ɗauka wani ne zaune da waya a hannu yana jira in motsa ya danne ni, kuma raina ya fara ɓaci da mutumin da ban taɓa gani ba. Haka na yi ta hawa har 165 kafin in shiga gaba. Kwana biyu ina kan gaba, har na fara lissafin bikin da zan fara amfani da shi. Sai mutumin ya dawo ya ƙara, ni ma na ƙara, wani na uku ya shigo. Ranar ƙarshe na tsinci kaina na rubuta 236 a kan abin da da farko na ce ba zan wuce 180 ba. An sayar a 238.50, ba ni na ci ba, kuma daga baya da na duba yadda irinsa ke tafiya na gode wa Allah da ban ci ba.

Ashe babu wanda ke zaune yana jirana. Tsarin shafin shi ne ka rubuta iyakar abin da za ka iya biya, a ɓoye, kwamfuta ta zama dillalinka. Ita za ta riƙa taya maka da ɗan ƙarin da ya wajaba kawai, duk lokacin da wani ya matso, har a kai iyakarka ta tsaya. Ƙarin ma a ƙayyade yake: tsakanin dala 25 da 100 ana hawa da dala ɗaya, daga 100 zuwa 250 da dala biyu da rabi, daga 250 zuwa 500 da dala biyar. Mutumin nan ya rubuta iyakarsa tun kafin in zo ya tafi harkarsa, ni kuma ina ta ƙwanƙwasa bango ina tayar da farashi a kan kaina.

Wanda ya gane wannan ya gane rabin lamarin, domin ma'anarsa ita ce wanda ya ci ba iyakarsa yake biya ba. Yana biyan tayin na biyu ne da ƙari ɗaya a kai. In ka rubuta 212, na bayanka ya tsaya a 150, abin da za ka biya 152.50 ne. Masanin tattalin arziki William Vickrey ya yi bayanin irin wannan gwanjo tun 1961, ya nuna cewa a cikinsa babu dabarar da ta fi mutum ya faɗi gaskiyar ƙimar kayan a wurinsa. Ni wannan ya burge ni ƙwarai, kuma shi ne abin da na fi yaba wa shafin da shi. Ba ka buƙatar iya ciniki, ba ka buƙatar kaifin baki. Abin da ake nema a wurinka ka san iyakarka tun kafin zuciya ta hau.

Sanin iyakar shi ne aikin, kuma a takarda nake yinsa, da biro. Da farko ina tace bincike ya nuna min kayan da aka riga aka sayar, ba waɗanda ke jiran mai saye ba, don farashin da mai kaya ke fata daban, wanda mutane suka biya daban. In na duba goma ko sha biyar na ga inda suka taru, sai in fara ragewa. Kuɗin aikawa zuwa gidan ɗan yayata. Harajin saye, wanda shafin ke karɓa gwargwadon jihar da za a kai kaya, a Maryland kashi 6 cikin ɗari. Ɗan abin da zan ba mai riƙo min zuwa Kano. Sannan canjin dala na ranar da zan biya, ba na ranar da na fara sha'awar kayan ba. Abin da ya rage shi ne iyakata. Akwai tambaya ɗaya da nake yi wa kaina kafin in rufe takardar: in wani ya wuce ni da dala biyu, zan ji haushi? In amsar e ce, ban rubuta iyakar gaskiya ba, sai in gyara tun da rana tsaka, ba a minti na ƙarshe ba.

Wata 'yar dabara: kada ka tsaya a kan cikakken adadi. Mutane da yawa suna rubuta 200 ko 210, kuma in tayi biyu suka zo daidai, wanda ya riga sawa ne ke ci. Ni 212.37 nake rubutawa. 'Yan santin nan sun taɓa ci min batir da caja.

Sai maganar lokaci, wadda ta fi cin raina kuma ta fi yi min amfani. A irin kayan da nake saya, agogo na cika an rufe, ko da tayi ya shigo saura sakan ɗaya. Shi ya sa tsofaffin hannu ba sa nuna kansu da wuri. Suna sa kaya a jerin abin da suke bibiya, su yi shiru har ƙarshe. Tayi da wuri yana sanar da kowa cewa kayan na da masoyi, yana kuma ba irina na farko, masu ƙara biyar-biyar, kwanaki su yi ta tura ka sama. Masana tattalin arziki Alvin Roth da Axel Ockenfels sun yi nazarin wannan a 2002, suka kwatanta eBay da gwanjon da Amazon ke yi a wancan zamani, wanda ba ya rufewa sai an yi minti goma babu sabon tayi. Sun samu tayin ƙarshen lokaci ya fi yawa nesa ba kusa ba a eBay, kuma masu gogewa su suka fi jinkirtawa. Shafin bai hana wannan ba.

Mu da ke nan matsalarmu agogo. Kano tana gaban Niyok da awa 5 daga Maris zuwa farkon Nuwamba, awa 6 a sauran watanni, tana gaban Kalifoniya da awa 8 ko 9. Masu kaya suna son gwanjonsu ya ƙare da yammacinsu, lokacin da mutane suka dawo gida, wanda ke nufin tsakar darenmu. Gilashin da na ci daga baya ya rufe ne da ƙarfe 7:40 na yammacin Lahadi a Kalifoniya, wato 3:40 na dare a nan. Na sa ƙararrawa uku da kwata. Babu wuta, gari tsit sai kukan gyare, na fito tsakar gida na zauna a kan turmi saboda nan ne intanet ya fi kamawa. Farashi na kan 171. Na rubuta 212.37, na kai har shafin tabbatarwa, na ɗora babban yatsa a sama ban taɓa ba. Lambobin suna sauka, hannuna na gumi duk da sanyin dare. Saura sakan 12 na danna. Allon ya juya, ya nuna ina gaba a 176, sai ya yi tsalle zuwa 198.50, sai ya tsaya. Wani ya harbo 196 a sakan na ƙarshe, dillalina na kwamfuta ya amsa masa ba tare da na motsa ba. Na zauna a kan turmin nan har aka yi kiran assalatu.

A lura, ba jinkirin ne ya ci min ba shi kaɗai. Da 190 na rubuta, da na sha ƙasa duk da tashin daren. Wanda iyakarsa ta fi yawa shi ke ci, ko da tun kwana shida ya sa. Amfanin jinkiri kawai ya hana abokin takara damar sake tunani, ya kuma hana ni kaina.

Kuma yana da haɗari. Na taɓa rasa wata fitilar kyamara mai arha saboda na jira har saura sakan huɗu, intanet ɗina ya tsaya yana juyi, kafin ya dawo an rufe. Tun ranar ba na sauka ƙasa da sakan goma, kuma ina tabbatar na shiga asusuna tun kafin lokaci. Akwai shafuka irin su Gixen da ke sa maka tayi a sakan na ƙarshe kana barci. Ni ban yi amfani da su ba don ban son haɗa asusuna da wani waje, amma masu yi suna da hujja. In kuma gwanjo zai rufe ina tsakiyar aikin biki, sai in sa iyakata da safe sau ɗaya, in kashe sanarwa, kada in sake leƙawa.

Wannan dabara ba ta kowane gwanjo ba ce. Abokaina masu shigo da motoci ta shafin gwanjon Copart sun san cewa can duk sabon tayi yana mayar da agogo baya, haka gwanjon Yahoo na Japan yakan ƙara minti biyar idan mai kaya ya zaɓi hakan. A irin waɗannan babu abin da tashin dare zai ƙara maka sai iyakar da ka rubuta. Karanta ƙa'idar rufewa kafin komai.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: tayi alkawari ne. In ka ci, biya ya hau kanka, kuma janye tayi sai da dalili ƙwaƙƙwara, kamar kuskuren rubuta adadi. Haka nan sa wani ya taya kayanka don farashi ya tashi alhali ba saye zai yi ba, dokar shafin ta hana, mu kuma tun kafin nan Manzon Allah (SAW) ya hana najashi, wanda shi ne wannan ɗin. Shi ya sa nake buɗe tarihin tayi in duba. In na ga wani asusu yana ta ƙara kaɗan-kaɗan yana janyewa, sai in bar kayan ko da sun yi min.

Shin ina ba da shawarar a shiga? Ga mai neman takamaiman abu da ya san shi ciki da waje, yana da amintacce a can da zai karɓa ya gwada kafin wa'adin mayarwa ya wuce, e, ina bayarwa da zuciya ɗaya. Ga mai gaggawa, ko wanda bai san bambancin mai kyau da mai lahani a hoto ba, gara ya je kasuwa ya riƙa da hannunsa. Gilashina ya tsaya min a kusan dala 223 har da aikawa da haraji. Ɗan yayata ya haska shi da fitilar waya ya turo min bidiyo, babu ƙura babu tsaga, sannan ya yi mako bakwai a cikin akwatinsa kafin a samu mai tahowa. Ranar Asabar da ta wuce da shi na ɗauki wata amarya a Gwammaja, ana ganin zanen lallen hannunta layi-layi.