Anger da Wrath: Fushi Iri Biyu a Turanci

Anger ita ce kalmar yau da kullum: fushin direba a cunkoso, fushin uwa ga yaron da ya ƙi aike. Amma baƙuwa ce a Turanci. Daga tsohon harshen mutanen Sikandinebiya, a arewacin Turai, aka aro ta, inda angr ke nufin baƙin ciki.

Wrath kuwa 'yar gida ce, daga tushe mai ma'anar murɗewa. Fushi ne mai tafe da hukunci, irin na sarki ko na Ubangiji, shi ya sa ta yawaita a fassarar Baibul zuwa Turanci ta shekarar 1611. A Ingila "roth" ake furta ta, a Amurka "rath". Duk wanda ya jawo ta cikin faɗan kasuwa, ko dai zolaya yake yi, ko boko ya yi masa yawa.