Kibod ɗin Bluetooth da na saya: yana rubutu da sauri, amma ya kunyata ni a Jega

Wata uku ke nan da na sayi ƙaramin kibod ɗin nan mai naɗewa a Birnin Kebbi, irin wanda ake haɗawa da waya ta Bluetooth. Ni ke riƙe da littafin ƙungiyarmu ta manoman albasa a Aliero, kuma buga sunaye da lissafi da babban yatsa ya ishe ni. Makon farko na yabe shi har mutane biyu suka saya saboda ni. Aikin da ke cin awa guda yakan ƙare kafin shayi ya huce, caji kuma sai ka manta ranar da ka yi masa.

Sai ranar da aka aike ni Jega sayen takin yuriya, kuɗin mutane duk suna cikin asusuna. An gama ciniki, yara sun fara ɗora buhuna a mota, na buɗe manhajar banki. Na taɓa gurbin lambar asusu, ɗan layin nan yana ta ƙyaftawa, amma haruffa da lambobi sun ƙi fitowa. Lamba 10 kacal zan buga, babu abin bugawa. Na fita na koma, na kashe waya na kunna. Na gwada lambar da ake dannawa a tura kuɗi ba intanet, ta shiga lafiya, da aka zo wurin ba da amsa nan ma kibod ya ƙi tasowa. Na shiga WhatsApp in sanar da shugabanmu, ko sallama ban iya rubutawa ba.

Mai takin dattijo ne, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Malam, in kuɗin ne ba su cika ba, faɗa mini, ai mun san juna." Na ce, "Wallahi Alhaji suna nan, waya ce." Ya ce wa yaran su dakata da lodi. Wannan dakatawar ita ce har yau take mini ciwo, don amanar mutane nake ɗauke da ita, kuma a gaban jama'a aka yi.

Wani yaro mai cajin waya ne ya karɓa ya duba. Ya ja saman allo, ya ce, "Baba, mi ka haɗa da Bluetooth?" Ashe kibod ɗin yana cikin jakata a kunne. Wayar Android idan ta ga an haɗa mata kibod na waje, sai ta ɓoye nata na kan allo, a ganinta ba ka da buƙatarsa. Shi ya sa kashewa da kunnawa bai yi amfani ba: tana tashi suke sake haɗuwa, kuma Bluetooth yana kaiwa kusan mita 10, balle jakar da ke rataye a kafaɗa. Yana kashe shi, na taɓa gurbin, lambobi suka fito.

Daga baya ya nuna mini maganin dindindin. A cikin saitin waya, wajen harsuna da shigar da rubutu, akwai sashen kibod na waje, a ciki akwai maɓallin da ke barin na kan allo ya riƙa fitowa ko da an haɗa wancan. Tun da na kunna shi abin bai sake faruwa ba, har na fara cewa laifin ba na kibod ba ne, tsarin waya ne.

To amma me ya hana mai shagon ya gaya mini? Shi ya haɗa mini da hannunsa. 'Yar takardar da ke cikin kwalin ma ba ta ambaci wannan ba. Ga maɓallin kashewa ɗan mitsitsi a gefe, sai da farce. Kuma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, alhali Gboard, wato kibod na kan allon waya, yana da su idan ka zaɓi Hausa. Sunan Ɗanladi sai na ajiye kibod na koma kan allo in gyara, haka "ƙasa" take zama "kasa" a rahoton gona.

Mutum biyun da suka saya saboda ni, na bi su gida na kunna musu saitin da kaina. Na uku da ya tambaye ni jiya, na ce ya riƙe kuɗinsa.