Masauki a Kanadukathan: gida mai kyau, alkawarin da bai cika ba

Na kwana biyu a wani masauki a Kanadukathan, ƙaramin gari a yankin Chettinad na jihar Tamil Nadu a kudancin Indiya, lokacin da likitoci a birnin Madurai suka ba yayana hutun mako guda kafin su sake duba shi. Masaukin tsohon gidan 'yan Chettiar ne, attajiran da suka tara dukiya ta hanyar fatauci da ba da rance a Bama da Silon (Myanmar da Sri Lanka na yau) da Malaya, suka dawo ƙauyukansu suka gina manyan gidaje da katakon Bama da marmara ta Italiya. A ƙofar gidan akwai faffaɗan dakali mai rufi inda maigida yake karɓar baƙi a da, kuma a nan yayana ya fi son zama da hantsi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne zagayen gari da masu masaukin suka sayar mana. Mai kula da masaukin ya tabbatar mini da bakinsa cewa kuɗin ya haɗa da shiga gidan sarautar garin, wanda aka kammala a 1912. Da muka isa, mai gadi ya ce gidan iyali ne, ba a shiga sai da izini. Muka tsaya a rana tsaka, ga mara lafiya yana dafa bango, raina ya ɓaci ƙwarai.

Direban a daidaita sahun da ya ɗauko mu, dattijo ne wanda ba ya jin wani yare sai Tamil, shi ya share mana hawaye. Ya yi mana nuni da hannu mu hau, ya kai mu ƙauyen Athangudi, inda ake yin tayil da hannu. Na tsuguna kusa da wani ma'aikaci ina kallo. Ya ɗora ƙarfe mai zanen fure a kan gilashi, ya riƙa ɗibar siminti mai launi da ludayi yana zubawa a kowane gurbi, ja daban, rawaya daban, sannan ya zare ƙarfen a hankali, ya barbaɗa busasshen yashi da siminti a kai. Ba a gasa shi a wuta. Ana jiƙa shi a ruwa kwanaki, a shanya, sai gilashin ya saki, ya bar masa sheƙi. Yayana ya manta da gajiyarsa har ya roƙa a ba shi ludayin ya gwada.

A hanyar dawowa na riga na yafe wa masaukin, musamman da na tuna shinkafa da miyar ganye da kindirmo da suke zuba mana a kan ganyen ayaba. Amma da na nemi a rage mini kuɗin shigar da ba a yi ba, sai mai kula da masaukin ya ce ganin gidan ya yi mini alkawari, ba shigarsa ba. Wannan maganar ta fi rufe ƙofar yi mini ciwo, domin yayana na tsaye lokacin da ya faɗi ta farko. Ɗakin zan iya sake kamawa, amma zagayen kam da direban zan yi ciniki kai tsaye, a bakin titi.