Iroko ko farin katako don bencin tsakar gida?

Ɗan'uwa, ka sayi iroko, kada ka tsaya wahalar da kanka. Tunda ka ce ƙafafun bencin na ƙarfe ne, katakon zama da na jingina kawai za ka sauya, kuɗin ba zai kai yadda kake tsoro ba.

Akwai benci a ƙofar gidanmu, ƙarƙashin darbejiya, marigayi Baba ne ya sa kafinta ya yi masa da iroko. Bana damina 14 ke nan yana nan a waje, ko sau ɗaya ba a taɓa shigar da shi zaure ba. Ruwan Agusta ya doke shi, hunturu ya busar da shi, ranar bazara ta gasa shi, yara su hau su yi tsalle, dattawa su yi alwala su jiƙa shi. Launinsa ya koma toka-toka, bakin katakon ya ɗan tsattsage, iyakar abin ke nan. Gara ta cinye ƙyauren ɗakin ajiya da ke kusa da shi, amma ta bar bencin. Har yau in na zauna a kai bayan la'asar, wurin da Baba yake jingina nake nema.

Ba mamaki ba ne. Iroko itacen kurmi ne, daga dazukan kudu ake kawo shi, kuma zuciyarsa ba ta yi wa gara daɗi, ba ta kuma saurin ruɓewa. Busasshensa yana kai wajen kilo 650 a kowace kubik mita, obeche kuwa, wanda yawanci shi ake sayar mana da sunan farin katako, bai wuce 400 ba. Kafintoci na ƙorafin yana dakushe musu zarto, kuma ƙurarsa na sa tari, to a ɗaure hanci lokacin gogewa.

Farin katako na taɓa saya saboda araha, ya yi mini damina 2 ya zama abincin gara. A silin ko cikin ɗaki ba laifi.

In iroko ya gagara, ka ɗauki madaci, zai yi maka aiki in kana kula da shi. Kirya ta fi su duka tauri, shi ya sa ake sassaƙa turmi da ita, sai dai da wuya ka same ta a yanke fale-fale.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara a wurin saye. Wasu sukan shafa wa katako mai araha kala su ce iroko ne ko mahogani. Ka sa a kankare maka gefe ɗaya a gabanka. Sabon yankan iroko rawaya-rawaya yake, daga baya iska ta mayar da shi ruwan ƙasa. Ka danna farce, in ya nutse, ba shi ba ne. Ka kuma ƙi duk wanda yake da farin gefe, wannan ɓangaren kusa da ɓawo ne, ko na iroko ne gara za ta ci. Haka ɗanye, in ka ɗaga ka ji sanyi da nauyin ruwa ka ajiye, hunturu na shigowa zai murɗe.

Wajen haɗawa, kada kafinta ya buga maka ƙusa. Ya huda ya sa noti mara tsatsa, ya bar ɗan tsakani kamar kaurin yatsa tsakanin katako da katako don ruwa ya zube. Banish, wato abin da ake shafa wa katako don ya yi ƙyalli, yana ɓarewa a rana, man katako ya fi, a shafa sau ɗaya kafin damina, a ƙoshar da bakin yankan musamman. Baƙin man mota da wasu ke shafawa kuwa, ranar da baƙo ya zauna da farar shadda za ka ba da labari.