Na'urar huda yatsa ko mai mannawa a dantse: wadda za ka saya wa Hajiya

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ka tambayi wace na'urar gwada suga za ka saya mata, tsakanin ta huda yatsa da wadda ake mannawa a dantse; ni dai ka saya mata ta huda yatsa.

Shekara shida ke nan ina tare da wata ta huda yatsa mai suna Accu-Chek Active, batiri kawai nake canza mata, irin faifayayyen nan kamar kwabo. Ɗan ɗigon jini, cikin daƙiƙa biyar lamba ta fito. Akwai wani azumi da ba na mantawa. Bayan la'asar jikina ya kama rawa, gumi yana keto mini, na ce yunwa ce. Uwargida ta matsa sai na gwada, sai ga 61. Dama likita ya gaya mini duk ranar da suga ya yi ƙasa da 70 ko ya haura 300 in sha ruwa, kuma malamai sun ce huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi. Nan take aka dama mini sukari, bayan minti 15 na sake gwadawa ya dawo 95. Da na daure zuwa magariba, Allah kaɗai ya san yadda za a kwashe. Tun ranar ko masallacin Juma'a zan je tana cikin aljihuna.

Mai mannawa, irin su FreeStyle Libre, ba laifi, ta fi dacewa da masu yin allurar insulin sau da yawa a rana. Amma kwana 14 take yi a sake sayen wata, kuma ruwan ƙarƙashin fata take aunawa ba jini ba, shi ya sa idan suga yana faɗuwa da sauri takan makara, sai an koma ga yatsan.

A ta huda yatsa, inda kuɗin yake shi ne tsinken gwaji, wato ɗan abin da ake sa wa ɗigon jinin, domin kowace na'ura da nata, ba sa shiga na juna. Na'ura ta farko da na saya wata mai araha ce da wani ya tallata mini a kasuwa. Tsinke hamsin ɗin da suka zo da ita suna ƙarewa na zaga kemis-kemis ban samu irinsu ba, har yau tana durowa. Kafin ka biya, tambayi kemis biyu ko uku na unguwarku wane tsinke ne ba ya yanke musu.

Ka kuma kula da masu sayarwa, wasu ba sa tsoron Allah. Sukan liƙa sabuwar takarda a kan ranar ƙarewar aiki, ko su buɗe kwalba su sayar da tsinken goma-goma a leda. Kada ka karɓa. Zafi da laima suna lalata tsinke, ana so ya zauna a kwalbarsa a rufe inda zafi bai wuce digiri 30 ba, ka ga wanda ya yini a rumfa cikin ranar Afrilu ai lambar ƙarya zai ba ka. Duba lambar NAFDAC, duba kwanan watan da ke jikin kwalba ya yi daidai da na kwali.

Sayi na'urar da ke nuna sakamako da ma'aunin mg/dL, wanda aka fi sabawa da shi a nan, shi ne ma'aunin lambobin da na ambata. Idan takardar asibiti ta zo da ɗaya ma'aunin, wato mmol/L, ninka lambar da 18 ka samu mg/dL. Ga yawancin manya ana son 80 zuwa 130 kafin cin abinci, ƙasa da 180 awa biyu bayan ci, amma ga tsofaffi likita kan sassauta, don haka a bi nasa. Hajiya ta riƙa wanke hannu da sabulu ta bushe shi kafin gwaji, domin zaƙin dabino ko mangwaro a yatsa yana ɗaga lamba, kuma a huda gefen yatsa, ya fi rashin zafi. Ka haɗa mata da ɗan littafi ta riƙa rubuta lamba da lokaci, ranar ganin likita ku tafi da shi da na'urar a gwada ta da ta asibiti.